Ɗanɗano Kafin Saye: Daga Ƙaramar Kwalbar Wiski Zuwa Ledar Tasha

Bahaushe ba ya cinikin biri a sama. Duk wanda ya saba cin kasuwar Wudil ran Juma'a, ko Maigatari ran Alhamis, ko Gujungu ran Lahadi, ya san kafin kuɗi su bar aljihu sai hannu ya taɓa, hanci ya shinshina, harshe ya ɗanɗana. Mai sayen riɗi ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Ƙarfen nan mai rami yake sokawa a ciki da gindin buhun, ƙwayoyin su gangaro tafin hannunsa, ya hura ya ga yawan ƙaiƙayi da yashi, ya jefa kaɗan a baki ya tauna don ya ji ko ya bushe. Mai kankana zai yanko maka 'yar kusurwa ka ga janta. Mai nono za ta miƙo ludayi, mai zuma ya tsoma tsinke, mai turare ya shafa maka a bayan hannu ya ce, "Alhaji, ɗan zaga ka dawo, in ƙamshin ya gudu ka bar min kayana."

Wannan ɗabi'a tana da gindin zama a addini. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani da ya tsibe abinci yana sayarwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi daga ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka a wajenmu ɗanɗano garkuwar mai saye ce. Harshensa ne alƙali, in ya ce kaya bai yi ba, ciniki ya tashi.

Abin da ya sa na tayar da maganar shi ne wani irin ɗanɗano dabam da yake shigowa ƙauyukanmu ta waya da kuma ta bakin 'yan ci-rani. A Facebook da TikTok ana cin karo da Turawa sun jera ƙananan kofuna suna koya wa sabon shiga yadda zai gwada wiski kala-kala kafin ya sayi kwalba. Wanda ya kalla sama-sama zai ce ai wannan ma hankali ne irin na kasuwa, kada mutum ya zuba kuɗi a abin da bai sani ba. Ni a ganina kamanni ne kawai. Ɗanɗanon kasuwarmu yana gwada kaya ne, na giya kuwa yana horar da mai ɗanɗanon ne har ya zama mai saye. Amma kafin a yarda da ni ko a ƙi, ya kamata a san yadda abin yake a can inda aka haife shi, a faɗe shi yadda yake ba ƙari.

Wiski barasa ce da ake yi da hatsi. A Sikotland, inda ta fi yin suna, sha'ir ake jiƙawa ya yi tsiro, a busar da shi, a niƙa, a kwaɓa da ruwan zafi, a zuba yis ya tashi. Zuwa nan aikin bai yi nisa da na matan Maguzawa ba idan za su dafa burkutu da tsiron dawa. Daga nan ne hanya take rabuwa. Ana zuba ruwan a manyan tukwanen tagulla a dafa, a kama tururin ya sake zama ruwa, galibi sau biyu, don sinadarin mayen ya taru wuri ɗaya. Sannan a ɗura a gangunan katako a ajiye. Dokar ƙasar ta 2009 ta ce ba za a kira shi wiskin Sikotland ba sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak a cikin ƙasar, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Giyar kwalba da aka saba gani ba ta cika wuce kashi 5 ko 6 ba. Duk shekarar da ganga ta yi a ajiye kuma, kimanin kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska. Ka lissafa asarar shekara 12 ko 18, ka ɗora kuɗin ajiya, ka ɗora harajin gwamnati mai nauyi, za ka gane abin da ya sa kwalba ɗaya mai mililita 700 take da tsada ko a wajen Baturen da ke da albashi.

Ga tsada, ga kuma bambancin ɗanɗano mai nisa. A tsibirin Islay suna busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi da suke haƙowa daga fadama, shi ya sa yawancin nasu yake warin hayaƙi, har waɗanda ba su saba ba kan ce warin asibiti yake. Na kwarin kogin Spey ya fi karkata ga ƙamshin 'ya'yan itace da zuma. Na Amurka da ake kira bourbon dole masara ta kai kashi 51 na hatsinsa, a gangar da ba a taɓa amfani da ita ba kuma aka babbake cikinta, shi ya sa ya fi zaƙi-zaƙi. Mashayin da ya rufe ido ya sayi kwalba yana iya buɗewa ya ji ba zai iya haɗiya ba, kuɗinsa sun tafi.

Don toshe wannan ɓaraka masu sana'ar suka buɗe ƙofofi da yawa. Akwai 'yar kwalba mai mililita 50, kamarta ɗaya da babbar har takardar jikinta. A mashayun Birtaniya ana auna mililita 25 ko 35 a kofi, kuma mutum yana iya cewa a jera masa iri uku ko huɗu ya kwatanta. Masana'antun da kansu suna karɓar baƙi, a zaga da su su ga tukwane da ganguna, a ƙarshe a zuba musu kaɗan-kaɗan, ƙofar fita kuma ta cikin shagon sayarwa take bi. Akwai bukukuwa, kamar wanda ake yi a Islay a ƙarshen watan Mayu. Akwai shagunan intanet da ke juye manyan kwalabe cikin ƙanana masu mililita 30 su aika har gida, har da akwati mai guda 24 da ake buɗe ɗaya kullum a watan Disamba. Abokai ma kan haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya su raba. Har kofi na musamman suke da shi, mai faɗin ciki da tsukakken baki don ƙamshi ya taru a hanci. Wani abin lura kuma, ƙwararrun da aikinsu shi ne haɗa wiski a masana'anta sun fi aiki da hanci fiye da maƙogwaro. Sukan surka shi da ruwa ya sauko wajen kashi 20 su shinshina, don in da haɗiya suke yi ba za su kai azahar a tsaye ba.

In za a yi adalci, ta fuska ɗaya tsarin nasu ba shi da algus. Abin da ke cikin ƙaramar kwalba shi ne a babbar. Akwai doka a kan shekaru, 18 a Birtaniya, 21 a Amurka, kuma ana neman katin shaida. Ƙarfin barasar a rubuce yake. Ta wannan ɓangare mai saye ya san abin da ya saya.

Sai dai saurari shawarar da ake ba sabon shiga, a nan zaren yake fitowa. Ana ce masa ya fara da mai sauƙi-sauƙi, ya ɗiga ruwa, ya sa ƙanƙara, ya kurɓi kaɗan. In ya ji maƙogwaronsa na ƙuna, idonsa ya kawo ruwa, tari ya sarƙe shi, kada ya karaya, kowa da haka ya fara, ya sake gwadawa gobe. Ƙunar nan ba ta banza ba ce. Jijiyoyin da ke jin zafin barkono a baki su ne barasa mai ƙarfi take tayarwa, wato jiki ne yake cewa wannan abu yana cutar da ni. A kasuwar Gujungu in ka lasa zuma ka yamutsa fuska, mai zuma ya san ya rasa ciniki. A ɗanɗanon wiski in ka yamutsa fuska, ana ɗaukar kai ne ba ka waye ba tukuna, harshenka ne ke bukatar gyara. An ƙwace alƙalanci daga harshen mai saye an mayar da shi ɗalibi, kuma ranar da ya ci jarrabawa ita ce ranar da ya daina jin gargaɗin jikinsa.

Na san abin da wani zai ce. Goro ma ɗaci gare shi ranar farko, daddawa wari take yi wa baƙo, yaji yana sa yaro kuka, duk kuma da sabo aka so su. Gaskiya ne, har ma zan ƙara masa da cewa goro yana kama mutum, tsoho in bai samu ba kansa yakan yi ciwo. Amma a dubi abin da sabon yake jawowa. Barasa tana canza yadda ƙwaƙwalwa take aiki. Wanda kofi ɗaya ya isa bara, bana sai biyu, saboda jiki ya koyi jurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2019 kaɗai barasa tana da hannu a mutuwar mutum kimanin miliyan 2.6 a duniya. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. A Janairun 2023 Hukumar Lafiyar ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Ita kanta Sikotland, mai cin arziƙin wiski, ganin yadda ciwon hanta yake kwashe mutanenta ya sa a watan Mayun 2018 ta kafa dokar mafi ƙarancin farashi, ba a sayar da awon barasa ɗaya, wato mililita 10 na tsantsar sinadarin maye, ƙasa da kwabon Ingila 50, a Satumban 2024 ta ɗaga zuwa 65. Wato ƙasar da ta fi kowa sanin abin ta gano cewa arha ita ce babbar ƙofar ɓarna. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba na cewa duk wanda ya ɗanɗana zai zama mashayi. Da yawa ba sa zama. Matsalar ita ce mai ba da ɗanɗanon bai san waye zai kamu ba, shi ma mai karɓa bai sani ba. An dai tabbatar wanda ya fara da ƙuruciya, da wanda ake da mashaya a danginsa, sun fi saurin faɗawa. Shi ya sa hukuncin Musulunci bai tsaya a kan kwalba ya bar kurɓi ba. Ayar Ma'ida cewa ta yi a nisanci giya, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito kuma ya ce abin da mai yawansa yake sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Mai karatu ya san wannan tun yana makarantar allo, ba sai na tsawaita ba. Abin da nake so ya lura da shi kawai shi ne, wurin da shari'a ta kafa shinge shi ne daidai wurin da masu sana'ar giya suka fi zuba dabara da kuɗi.

To me ya haɗa mutumin Ringim ko Gaya ko Ɗambatta da wannan duka? Kwalbar wiski mai shekara 12 ba ta taɓa zama matsalar ƙauyenmu ba, kuma ba za ta zama ba. Kuɗinta ya fi buhun gero. Tun zamanin Turawa ma Arewa a killace take, domin yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, gwamnatin Lugga kuma ta zartar da hakan a Arewacin Najeriya alhali a Kudu kuɗin fiton barasa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. A 2000 Kano da Jigawa suka ƙaddamar da Shari'a, a 2003 Kano ta kafa Hukumar Hisba da doka. Wanda yake ƙauye zai iya tsufa bai ga kwalbar wiski da idonsa ba.

Amma dabarar ƙaramin awo ta iso mana, ta kuma iso cikin mummunar kama. Ita ce ledar barasa.

Duk wanda ya je ci-rani Legas ko Fatakwal ko gefen Abuja ya san ta. A bakin tasha, tun kafin gari ya waye, ga mai tebur ta rataye ledoji jere a igiya kamar na sabulun gari, kusa da biskit da alewa da ƙwayar ciwon kai. Saurayi ya baro gida bayan girbi, yana acaɓa ko dako ko turin baro, ya kwana a rumfa sanyi ya dake shi. Abokin aikinsa da ya riga shi zuwa ya ciji bakin leda ya tsotse, ya miƙo masa ɗaya ya ce, "Ɗan'uwa, karɓi, maganin sanyi ne, ba giya ba ce." Kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba. Ba kwalba balle a gani, ba shiga mashaya balle a ji kunya, ba mai tambayar shekaru. Cikin daƙiƙa kaɗan ta shige, ledar ta bi iska. Jiki ya ɗauki ɗumi, kuma ɗumin ma yaudara ne, don barasa jijiyoyin fata take buɗewa, mutum ya ji zafi a waje alhali zafin cikinsa ne yake fita. Da damina ta kawo kai ya dawo gida noma, sabon ya biyo shi a aljihu.

A yi lissafi a ga nauyin abin. Leda mai mililita 50 in ƙarfinta kashi 40 ne, tana ɗauke da mililita 20 na tsantsar sinadarin maye. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 a kashi 5 tana ɗauke da 30. Ke nan leda 3 daidai suke da manyan kwalabe 2. Kwalabe biyu sai mutum ya zauna, ciki ya cika, lokaci ya ja. Leda uku kuwa a tsaye ake shanye su, galibi ba a karya ba, sai su shiga jini a guje, mai su kuma ya hau babur ya ɗauki fasinja.

Hukumomi sun san da wannan. A Disamban 2018 NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka yi yarjejeniya da masu masana'antu cewa cikin shekara 5 za a daina ɗura barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Wa'adin ya cika a 31 ga Janairun 2024, shugabar hukumar Farfesa Mojisola Adeyeye ta sanar da fara aiki da haramcin, hujjarta kuma ita ce yadda yara 'yan makaranta suke samun ledar cikin sauƙi suna ɓoyewa a aljihu. Masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka yi ca, aka yi zanga-zanga, maganar ta je majalisa, aka ƙara wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Tanzaniya ta hana irin wannan leda tun 2017, Yuganda a 2019.

Hujjar masu masana'antar ta cancanci a saurare ta, don ba duka ce shirme ba. Sun ce dubban mutane za su rasa aiki. Sun ce ƙaramin awo yana taimaka wa mai sha ya tsaya a kaɗan, in ka tilasta masa sayen babbar kwalba zai shanye ta ne. Sun kuma ce in aka hana mai rajista, na bayan fage ne zai cike gurbin. Ta ƙarshen nan ita ce mai ƙarfi, kuma duk mai son haramcin dole ya tanadi amsarta. Amma ta tsakiyar ba ta shige ni ba. Tsohon mashayi ba leda ɗaya yake saya ba, yana komawa ne sau biyar kafin la'asar. Wanda ƙaramin awo yake yi wa aiki da gaske shi ne wanda bai fara ba, wanda tsada da kunya da tsoron a gan shi suka tsare. Leda ta rushe duka ukun lokaci ɗaya. Abin da Sikotland ta sa doka don ta toshe, wato arha, shi ne mu a nan aka mayar da shi hanyar talla.

A nan nake ganin akwai gyara a yadda muke yaƙin. A Fabrairun 2022 Hisbar Kano ta farfasa kwalaben giya kimanin miliyan 3.8 a yankin Dawakin Tofa. Aiki ne babba, ido kuma ya gani. Sai dai giyar kwalba tirela take hawa, tana da nauyi, tana da ƙara, shi ya sa ake kama ta. Abin da ya ninka ta ƙarfi sau shida ko takwas yana shigowa a ƙasan jakar ɗan ci-rani da cikin kwalin kayan tireda, ba ya ƙara, ba ya fashewa. Wani lokaci ma ba da sunan giya yake shigowa ba.

Wannan ce fuskar da ta fi tayar min da hankali. Akwai ruwan ɗaci iri-iri da ake sayarwa a ƙananan robobi da leda, da hoton saiwa da ganye a jiki, ana cewa maganin basir ne, ko na ciwon baya, ko na ƙarfin maza. Wasunsu magani ne na gargajiya da ba ruwansa da maye. Wasu kuwa barasa ce tsagwaronta aka jiƙa ɗan itace a ciki. Magidanci mai salla a sahun farko, wanda ko kusa da mashaya ba zai bi ba, yana iya saya da zuciya ɗaya, ya sha ya ji jikinsa ya saki, ya ce lallai maganin nan yana aiki, gobe ya ƙara. Mai kantin da ya sayar masa ma wataƙila bai sani ba, tunda rubutun jiki da Turanci yake kuma ƙanana ne. Gane shi ba wuya in an san inda za a duba. A juya robar a nemi lamba mai alamar %, kusa da haruffan "alc" ko "vol". In an ga 20% ko 30% ko 40% a wurin, barasa ce, ko da hoton wane ganye aka liƙa. Wannan ilimi ne na minti ɗaya, kuma na fi so in ji limami ya koya wa jama'a shi bayan sallar Juma'a, ko malamin firamare ya nuna wa 'yan aji shida, fiye da a tsaya ga tsinuwa ga mashaya kawai. Mutum ba zai nisanci abin da bai gane kamanninsa ba.

Akwai kuma inda ɗanɗano ya gaza gaba ɗaya, ko ga wanda addininsa bai hana shi sha ba. Muna da maƙwabta Kirista da Maguzawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, muna da baƙi ma'aikata, rayuwarsu kuma tana da daraja, don haka wannan ya shafe su kai tsaye. Tsarin Turawa na gwaji ya ginu ne a kan amana ɗaya, cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki. A kasuwar da ake tsintar tsofaffin kwalaben giya mai tsada a sake ɗura musu wani abu a liƙe, wannan amana babu ita. Mafi haɗari shi ne sinadarin metanol, ɗan'uwan sinadarin maye da ake amfani da shi a masana'antu. A ido, a hanci, a harshe, da wuya a bambance su. Wanda ya sha zai ji maye kamar kullum, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, gani ya fara dishi-dishi, domin hanta ta juya shi ya zama guba mai cin jijiyar ido. Abin da bai wuce cokali ɗaya ba yana iya makantarwa, ɗan ƙari a kai yana iya kisa. A Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, da farko har ana cewa fushin dodo ne, bincike ya nuna metanol ne a cikin ogogoro, wato barasar gargajiya da ake dafawa a Kudu. Watanni biyu bayan nan wasu gommai suka mutu a Jihar Ribas ta wannan hanya. Babu ɗayansu da harshensa ya gargaɗe shi. Duk wanda ya sha wani abu, washegari ya ji ganinsa ya canza, asibiti za a kai shi a take, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, don magani ya dogara da hakan. Ɓoyewa saboda kunya a wannan gaɓa tana iya cin idonsa.

Saura wanda ya riga ya kamu, kuma kusan kowane gari yana da nasa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗaure shi a ɗaki, ko a kai shi inda za a sa masa mari, a ce daga yau ya daina. Ga wanda bai yi nisa ba, nasiha da canjin abokai da samun abin yi suna iya wadatarwa. Amma wanda ya daɗe yana sha kullum, har in ya tashi da safe hannunsa na rawa sai ya sha sannan ya natsu, yanke masa lokaci ɗaya haɗari ne ga ransa. Cikin kwana biyu zuwa uku yana iya fara jijjiga kamar mai farfaɗiya, ya yi ta gumi, ya ruɗe, yana ganin abubuwan da babu su, mutanen gida su ɗauka aljanu ne su tafi neman mai ruƙiyya alhali jikinsa ne yake rikicewa saboda rashin abin da ya saba. Wannan hali yana kisa in ba a kula ba, likitoci kuma suna da magungunan da suke saukar da mutum a hankali har ya wuce kwanakin. A Kano akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau da sashen da ke wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Jigawa akwai na Kazaure. Uban da ya ga alamar rawar hannun nan a jikin ɗansa, can ya kamata ya fara nufa da shi, kafin ya sa kwado a ƙofar ɗaki.